Yadda ake rubuta labarin kisan yankin Bask daga tsakar gida a Gusau

Labarin farko da na fara kan kashe-kashen nan namu bai wuce babi na uku ba. Kan Baffana ne, wanda aka tare a hanyar Ɗansadau yana dawowa daga cin kasuwa. Na canza masa suna, na canza masa sana'a, amma na bar masa babur ɗinsa da tabon goshinsa. Kwana biyu da sa babin a zaurenmu na WhatsApp sai ga kiran Goggo. Ko gaisuwata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ɗiyata, jinin ɗan'uwana kika maida abin hirar dare? Waɗanda suka nuna shi suna nan cikin garin ga, kuma su ma suna da waya."

A daren na goge komai. Ƙannena marubuta da ke tambayata yadda na koma rubutu bayan wannan, ga amsar: na ɗauke labarin na kai shi wata ƙasa. Abin da zan faɗa muku a nan shi ne yadda ake yin hakan ba tare da an yi wa mutanen can ƙarya ba, ba kuma an tona asirin na gida ba.

Ƙwallo ce ta kai ni Bask. Ƙanena ya dawo daga gidan kallo yana mitar wai Athletic Bilbao ba ta ɗaukar ɗan wasa sai haifaffen yankinsu ko wanda ya taso a can. Na ce wane irin yanki ne mai wannan taurin kai? Da na bi sawu sai na tarar da mutane wajen miliyan 3, ba su ma kai mu Zamfarawa yawa ba, rabe tsakanin arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa, da harshensu Euskara wanda bai haɗa dangi da kowane harshe na Turai ba. Na sauke abin da zan iya saukewa a waya. Da aka katse layuka a Satumbar 2021, mutane na tafiya Funtuwa don su buga waya ɗaya, ni ina zaune da littafin rubutu mai tamanin ina kwafe shekaru.

Da wannan za ku fara: ku san tarihin har ku daina duba takarda. An kafa ETA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don neman ɓallewar yankin Bask, a 1959, zamanin Janar Franco mai mulkin kama-karya a Sifaniya, lokacin da aka danne harshensu a makaranta da ofis. Ta fara kisa a 1968. A Disambar 1973 ta tayar da bam ƙarƙashin motar firaminista Carrero Blanco a Madrid. Franco ya mutu a 1975, mulkin dimokuraɗiyya ya zo, yankin ya samu majalisarsa da gwamnatinsa, amma kisan bai tsaya ba, sai ma ya ƙaru. Sai a Oktobar 2011 suka ce sun ajiye makami har abada, suka rushe ƙungiyar a 2018, bayan sun kashe mutum fiye da 800. Duk wannan ku sani, amma kada ku juye shi cikin labarin kamar darasin aji. A nawa labarin, shekara ɗaya kawai na ɗauka, 1997, ita ma daga Mayu zuwa buɗe makarantu.

Dalilin zaɓen shekarar shi ne Miguel Ángel Blanco, kansila ɗan shekara 29 a garin Ermua. 'Yan ETA sun sace shi a watan Yuli, suka ba gwamnati awa 48 ta mayar da fursunoninsu gidajen yarin da ke kusa da gida, wa'adi ya cika suka harbe shi. Miliyoyin mutane suka fito kan titi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da waya yana jiran kiran daji ya san me awa 48 take nufi, ba sai na yi masa bayani ba.

To amma a nan akwai rami, kuma na faɗa cikinsa. Kada ku mayar da ETA 'yan bindigar dajin Zamfara da aka sa wa kwat. Waɗancan ƙasa suke nema, suna da jam'iyyar da ke goya musu baya a akwatin zaɓe, suna fitar da sanarwa bayan sun yi kisa. Namu ya taso ne daga satar shanu da rikicin gona da burtali da ramuwar gayya, ya zama kasuwar kuɗin fansa. Ko inda suka yi kama, kamar wasiƙar da ETA ke aika wa 'yan kasuwa ta neman abin da ta kira harajin juyin juya hali, da harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya girbe gerensa, ku bar mai karatu ya ga kamar da idonsa. Da kun ce masa "ka ga, kamar namu", kun ɓata miyar.

Inda muka haɗu da su ba a bakin bindiga ba ne, a cikin gida ne bayan an watse. Don haka ku fara labarin bayan harbin. Babina na farko na da, shafi shida ne na ƙarar bindiga da jini da gudu. Na yanzu yana buɗewa da malamar firamare tana kiran suna ranar farko ta sabon zango. A benci na biyu akwai yarinyar da aka kashe mahaifinta, ɗan sanda, a watan Mayu. A benci na huɗu akwai yaron da mahaifinsa ke gidan yari. Sunayen gidajensu na bin juna a rajista, dole ta kira ɗaya ta kira ɗaya. Ta kira na farko, ta ɗaga biro, ta tsaya tana kallon ruwan sama a taga har wani yaro ya yi tari. Ba a harba ko harsashi ɗaya a babin ba. Ni malama ce, na taɓa riƙe irin wannan rajistar a nan Gusau, ajin da ke da 'yan gudun hijira daga Maru da Zurmi. Abin da hannuna ya yi ran nan shi na ba ta.

Sannan ku ba maƙwabta fili mai yawa, sun fi masu bindiga muhimmanci. A garuruwan Bask, in aka kashe mutum akwai maganar da aka riƙa yi ƙasa-ƙasa, ma'anarta "lalle akwai abin da ya yi". Sai a rubuta sunan mutum a bango a zagaye shi da alamar saiti. Mai shagon da ya saba gaishe shi ya koma duba lissafi in ya shigo. Iyalai da dama sun kwashe kayansu sun bar garin bayan jana'iza, kamar su suka yi laifin. Kansiloli da alƙalai da 'yan jarida sun yi shekaru suna yawo da masu gadi, suna leƙa ƙarƙashin mota kowace safiya kafin su tayar da ita. Mu ma muna da tamu kalmar. "Ai an ce infoma ne." Wa ya ce? An ce. Daga nan mata su rage shigowa ɗibar wuta, a daina aiko da kwanon tuwo, ɗiyar gidan ta ji shiru daga wanda ke zuwa zance. Ku rubuta wannan raguwar daki-daki, kwano bayan kwano. Mai gaisuwa da ya sauya hanya ya fi gawa goma tsorata mai karatu, domin ya san shi ma ya taɓa sauya hanya.

Gida na biyu shi ne mai wuyar rubutu, na wanda ya yi kisan. Daga 1989 gwamnatin Sifaniya ta warwatsa fursunonin ETA a gidajen yari masu nisa, wasu a can kudu, kusan kilomita 1,000 daga gida, kamar a ce tsohuwa ta tashi daga Gusau zuwa Legas don ganin ɗanta na minti 40 ta bayan gilashi, ta juyo. Wasu dangin sun mutu a haɗarin mota a kan wannan hanyar. A labarina kakar yaron ce ke tafiyar, da ƙullin abincin da ta san ba za a bari ya shiga ba. Ku bar ta ta so ɗanta. Ku bar ta ta ƙi furta sunan wanda ya kashe. Amma kada ku auna hawayenta da na matar mamacin ku ce mudu ɗaya ne: ita tana dawowa da muryar ɗanta a kunne, waccan ba ta da inda za ta je ta ji murya. Kada kuma ku wanke hukuma tas. Tsakanin 1983 da 1987 wata ƙungiyar ɓoye mai suna GAL, mai farautar 'yan ETA da kuɗin gwamnati, ta kashe mutum 27, cikinsu har da waɗanda ba ruwansu da ETA, kuma a 1998 kotu ta ɗaure tsohon ministan cikin gida José Barrionuevo kan wata satar mutum da ƙungiyar ta yi. Duk wanda ya ga abin da wasu 'yan sa kai suka yi wa Fulanin da suka zo cin kasuwa ba zai rasa hannun rubuta wannan ba.

Kayan jikinsu kuwa ku bar musu nasu. A rubutun farko na shimfiɗa wa matar ɗan sandan tabarma, na sa ta takaba wata huɗu da kwana goma, har sadakar uku na yi masa. Da na sake karantawa ni kaina sai da na yi dariya. Yawancinsu Katolika ne, a coci ake yi wa mamaci addu'a, mata na zuwa maƙabarta da furanni. Ƙasa ce ta duwatsu kore shar da yayyafi da bakin teku, mutane na zaune a benaye, hira kuma a mashaya da dandalin gari ake yinta. Kalmomi uku sun ishe ku: aita uba, ama uwa, amona kaka. Kuna ƙarawa a kan haka labarin ya koma ƙamus.

Abu ɗaya da nake roƙonku, kada ku yi gaggawar yafiya. Littattafanmu na son a rufe da kuka da rungume juna da "na yafe maka duniya da lahira". Ya faru a can, gaskiya ne: Maixabel Lasa, wadda aka kashe mijinta Juan María Jáuregui a Tolosa a 2000, ta zauna gaba da gaba da wasu cikin waɗanda suka kashe shi. Amma sai da shekara 11 ta wuce, kuma fursunonin da suka bar ƙungiyar suka amsa laifinsu ne. Iyalai da yawa sun ce ba za su zauna ba, kuma ba wanda ya isa ya ce sun yi laifi. Mun ga sulhun 2019 da 'yan bindiga a nan, mun ga tubabbu a hoto da manya, ba mu ga an tambayi matan da aka bari da marayu ba. In tauraruwarku ta ce "na bar shi da Allah", ku sani ba "na yafe" ta ce ba. Tsakanin maganganun nan biyu akwai littafi guda.

Kafin ku saki ko babi ɗaya, ku karanta wa wanda abin ya taɓa, da baki, a gabansa, in ya yarda. Ni Goggo na kai wa nawa, da sallar layya da ta wuce. Tana tsintar shinkafa a faifai, ina karantawa ina fassara mata sunayen. Ba ta ɗago ba har na kai inda matar ɗan sandan ke tattara takalmansa daga bakin ƙofa tana sa su a kwali, sati ɗaya da rasuwarsa.

"Tsaya," ta ce. "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Goggo, ƙirƙira ce."

"To ƙirƙirar ba ta yi ba. Ba a ɗauke su. Sharewa ake yi a kewaye su."

Na ciro biro na soke sakin layin. Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, ta ce in ci gaba daga inda yarinyar ta dawo makaranta.