Yadda na kashe rigimar ludo a gidanmu

Matsalar da muke samu a gidanmu nan Gusau ita ce da an idar da sallar isha'i yara su ɗauko ludo sai faɗa, don ludo mutum huɗu kawai yake ɗauka mu kuma yaran sun fi haka, ga ƙaramar cikinsu in ta daɗe ba ta samu shida ba ɗanta bai fito gida ba sai kuka, wallahi abin yana damuna sosai don ni na fi son su zauna tare maimakon su rungumi waya.

Abin da na yi, na raba su bibbiyu kowane gida, babba da ƙarami, ƙarami ya jefa dayis babba ya tura ɗa. Kuma muka yarda kowa ya fara da ɗa ɗaya a waje. Nan take kukan ya ragu.

Manyan samarin kuma da ludo ya ishe su na koya musu dara, ko sisi ban kashe ba. Gurbi 30 muka tona a tsakar gida, layi 5 kowanne gurbi 6, ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12 ɗaya kara 12, duk wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokinsa guda, jera huɗu ba ci ba ne. A ganina ta fi ludo nesa ba kusa ba, don ita lissafi ce ba sa'a ba. Ƙanana sosai kuma na sayo musu wasan maciji da tsani, har ƙirga zuwa 100 suna koya a ciki.