Yadda za ka sanar da yaro mutuwar mai shirin namun daji da yake ƙauna

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu da ke Mabera, sai ɗana mai shekara tara ya ajiye wayar mahaifiyarsa ya ce, "Baba, wai da gaske mutumin nan mai kama kada ya mutu?" Steve Irwin yake nufi, ɗan ƙasar Ostiraliya mai gajeren wando da riga ruwan ƙasa, wanda yaron ya shafe watanni yana kallon tsofaffin shirye-shiryensa. Irwin ya mutu tun ranar 4 ga Satumba 2006, amma a wurin yaron a daren nan ya mutu. Iyaye da malaman makaranta da yawa za su gamu da irin wannan tambaya, ko a kan Irwin ko a kan waninsa, shi ya sa nake so in bayyana yadda ya kamata a amsa ta.

Kafin ka ce komai, ka tabbatar da labarin daga kafar da ka amince da ita, domin an sha kashe mashahuran mutane da baki alhali suna nan da ransu. In ya tabbata, ka faɗi gaskiya a taƙaice. Irwin yana da shekara 44, yana aikin ɗaukar wani shiri a cikin teku kusa da garin Port Douglas na jihar Queensland, sai kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya, ta soke shi a ƙirji har ƙayar ta kai ga zuciya. Kada ka ce ya yi tafiya ko yana barci, domin yaro zai zauna jiran dawowarsa.

Kada kuma ka yi masa tsawa da cewa mene ne haɗinsa da wani Bature har zai yi kuka. Ka nuna masa cewa ba shi kaɗai ya ji zafin ba. Jama'a sun yi ta tururuwa da furanni zuwa ƙofar gidan namun dajin Irwin da ke Beerwah, Firayim Minista John Howard ya yi jawabin alhini, hukuma ta nemi yi masa jana'izar ƙasa amma iyalansa suka ƙi, suka binne shi a tsakaninsu. A taron tunawa da shi na ranar 20 ga Satumba, gaban mutane kimanin 5,000, 'yarsa Bindi mai shekara takwas ce ta miƙe ta karanta abin da ta rubuta game da mahaifinta. Wannan labarin ne ya fi kwantar wa ɗana hankali, don ya ga yarinya tsararsa ta yi haƙuri.

Zai nemi ganin bidiyon yadda abin ya faru, kuma dole ka hana. Na'ura ta ɗauki lamarin, amma hukuma ta riƙe faifan, daga baya ta miƙa wa matarsa Terri, ba a kuma taɓa nuna shi ga jama'a ba. Ko da a ce akwai shi, kallon fitar ran mutum ba abin da ya dace da yaro ba ne, balle a mai da shi nishaɗi.

Inda ya kamata ka fi daɗewa da shi shi ne batun dabbar kanta, domin nan ne manya ma suka yi kuskure. A makonnin da suka biyo bayan mutuwar, an tsinci kunamun ruwa aƙalla 10 a gaɓar tekun Queensland a mace, wasu an datse musu wutsiya, har ƙungiyar kare namun daji da Irwin ya kafa ta fito ta yi tir da hakan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon a bar kada da maciji su rayu, an je an kashe halittu da sunansa. Ka fahimtar da yaro cewa kunamar ruwa ba farautar mutum take yi ba, kariyar kanta take yi in ta tsorata, kuma da wuya harbinta ya yi kisa. Daga nan ka jawo zancen gida, zuwa kan danƙon da ke aljihunsa da ƙadangaren da ke shan hantsi a kan katanga, ka tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Ka faɗa masa kuma cewa gwanin nasa ba ya rasa masu suka. A watan Janairu na 2004 an yi masa ca saboda ya riƙe jaririnsa Robert, ɗan wata guda, a hannu ɗaya yana ciyar da kada da ɗayan. A ganina masu sukar sun yi gaskiya. Irwin ya tashi cikin wannan aiki tun yana yaro a hannun mahaifinsa, yaronka kuwa bai samu wannan horon ba, saboda haka a ja wa yaro kunne sosai cewa in ya ga kububuwa ko gamsheƙa a bayan gida, musamman da damina, ya ja da baya ya kira babba.

In ya tambayi makomar mutumin a lahira, ka bar hukunci ga Allah, ka ba shi labarin ranar da aka wuce da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce, "Ashe ba rai ba ne?"

Daga ƙarshe ka ba hannunsa aiki. Mu tsohon kasko muka samo muka ajiye ƙarƙashin dogon yaro, shi ke cika shi da ruwa kowace safiya saboda tsuntsaye, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato kafin azahar sai ya sake cikawa.