Yadda za ka daina bugu uku a kan girin idan rami ya yi nisa

Babu abin da ke ɓata wa ɗan golf lissafi kamar ya kawo ƙwallo kan girin, wato wurin nan mai gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami, da bugu biyu masu kyau, sannan ya kashe uku kafin ta faɗa rami. Yawancin masu koyo da nake zagayawa da su saiti suke zargi. Ni kuwa nisa nake zargi. Daga taki 15, ko sabon shiga da wuya ya kauce wa rami da fiye da taki ɗaya hagu ko dama. Amma ƙwallo ta tsaya saura taki 3, ko ta zarce da taki 4, wannan kullum sai ka gani.

Ka fara da cire kwaɗayin jefa ta a bugu ɗaya. Faɗin rami milimita 108 ne kacal. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka wanda ya yi nazarin bugun ƙwararru, ya nuna cewa daga ƙafa 8 kusan rabi kawai suke jefawa, daga ƙafa 33 kuwa, wato mita 10, bugu biyu ne matsakaicinsu. Waɗannan mutane ne da golf ce sana'arsu. Saboda haka idan ka wuce mita 10, aikinka shi ne ka ajiye ƙwallo cikin tsawon sandarka daga bakin rami, ta kowane ɓangare. In ta faɗa, alhamdulillahi.

Akwai dalilin da ya sa ƙaramin kuskure ke zama babba a dogon bugu. Nisan da ƙwallo ke mirginawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin da ka ba ta, ninkawa yake yi. Ka ƙara mata gudu da kashi 10 cikin 100, nisan zai ƙaru da wajen kashi 20. A bugun mita 15, mita 3 ke nan ta wuce. Ɗan fizgar wuyan hannu da kai kanka ba ka ji ba ya isa ya jawo wannan.

To, maganin yana cikin abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau: tsawon jan sanda baya shi ke ba da nisa, ba ƙarfin hannu ba. Lokacin da sanda ke ɗauka ta je baya ta dawo ya zama ɗaya, ko bugun taki 3 ne ko na taki 20. Ni ina ƙirga "ɗaya" a ja, "biyu" a taɓa ƙwallo, ba na sauya wannan ƙirgar ko da wane nisa ne. Abin da ke sauyawa shi ne inda kan sandar ya kai a baya. Kafaɗu ne ke kaɗawa, riƙo kuma sassauƙa, kada ya tsananta a tsakiyar bugu. Wanda ya ja sanda kaɗan sannan ya daki ƙwallo don ya cike giɓi, yau zai dace gobe ya rasa, kuma ba zai san me ya bambanta ranakun biyu ba.

Ga yadda za ka samo ma'auninka. Nemi wuri mai lebur a girin ɗin gwaji, ka ajiye ƙwallo 3. Kada ka nufi rami ko kaɗan. Ja sanda har kanta ya kai babban yatsan ƙafarka ta baya, ka sake ta da ƙirgar nan. Idan ukun suka taru wuri guda, taka ka ƙirga taki nawa ne. Sai ka maimaita da ja zuwa gefen takalmi na waje, sannan tafin hannu ɗaya bayan takalmi. Yanzu kana da nisa uku da jikinka ya sani, sauran duk a tsakaninsu suke. Idan kuwa ƙwallayen suka warwatse, duba inda kake taɓa su a fuskar sanda. Wadda aka buga da hanci ko dunduniyar sanda ba ta kaiwa inda ta tsakiya ke kaiwa. Ɗaura robar ɗaure kuɗi guda biyu a fuskar sandar, ka bar tsakiya kawai a buɗe. Duk bugun da ya kauce za ka ji shi a hannu nan take.

Ma'auni kaɗai ba ya isa, sai ido ya shigo. Idan wani ya ce ka wurgo masa makulli daga ƙofar gida, ba ka kallon hannunka, shi kake kallo, hannu kuma ya san abin da zai yi. Haka nan gwajin kaɗa sanda kafin bugu: yi shi idonka na kan rami, ba a ƙasa ba. Ka tsaya kan ƙwallo, ka yi wa rami kallo na ƙarshe mai ɗan tsawo, ka dawo da ido ka buga kafin hoton nisan ya gushe. Daɗewa a tsaye yana kashe shi. Tun 2019 doka ta yarda a bar tutar da ke nuna rami a cikinsa lokacin bugu a girin, kuma a dogon bugu ina barin ta, domin tana taimaka wa ido ya kama nisa.

Wani atisaye da nake ƙauna shi ne ka buga ba tare da ɗaga kai ba, ka faɗa da bakinka "ta gaza" ko "ta wuce", sannan ka duba. Da farko za ka yi ta saɓawa. Ranar da bakinka ya fara dacewa da abin da ido ya tarar, hannunka ya fara jin nisa ke nan.

Sai kuma girin ɗin kansa, wanda ba ya zama iri ɗaya. Akwai wani ƙarfe mai kwari da ake gangaro da ƙwallo a kai don auna santsin girin, sunan Edward Stimpson da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930 yake ɗauke da shi. Girin da ya auna ƙafa 8 da wanda ya auna ƙafa 12, bugun da ya yi taki 10 a na farko zai yi wajen 15 a na biyu. Ba sai ka mallaki ƙarfen ba. Ka dai sani cewa da sassafe raɓa na riƙe ƙwallo, da damina ciyawa na kauri ta rage gudu, da hunturu kuwa ƙasa ta bushe ƙwallo sai ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba. A ƙasashe masu zafi yawanci dangin kiri-kiri ake shukawa a girin, ita kuma kwanciya take yi ɓangare guda. Idan ka hango ta tana ƙyalli, ta kwanta ne tana bin hanyarka, ƙwallo za ta gudu. Idan ta yi duhu, tana fuskantarka, sai ka ƙara ja.

A hawa, ka ɗauka ramin yana gaba da inda yake da taki ɗaya ko biyu, ka buga wa wancan. A gangare ka zaɓi wani tabo kafin rami ka buga masa, sauran tafiyar gangaren zai ƙarasa. Ka riƙa takawa daga ƙwallo zuwa rami kafin lokacin bugunka ya zo, tafin ƙafa na jin tudun da ido bai gani ba. Kuma kashi uku na ƙarshe na hanyar ya fi muhimmanci, don a nan ƙwallo ta gaji, ƙasa ke juya ta yadda ta so.

Wanda ya koyi wasa a irin filayen Arewa da ake zuba yashi gauraye da mai a madadin ciyawa, ana share masa hanya kafin ya buga, ya saba da bugu mai nauyi domin yashi na shanye gudu. Ranar da zai je fili mai ciyawa kamar na IBB a Abuja, ya sake ɗaukar ma'auninsa daga farko kafin ya hau rami na ɗaya. Doka ta hana ka gangara ƙwallo ko ka goga hannu a girin don gwada shi alhali kana tsakiyar buga ramin, saboda haka minti 10 na kafin farawa a girin ɗin gwaji su ne damarka. Kada ka ɓata su a gajerun bugu. Buga ƙwallaye zuwa bakin girin inda doguwar ciyawa ta fara, daga taki 8, 12 da 18, sau ɗaya a hawa sau ɗaya a gangare, kana neman kowace ta tsaya dab da gefen ba tare da ta taɓa shi ba.