Fatar kifi a kan ƙuna: kurakuran da aka fi yi

Tun da hotunan majinyatan Brazil da aka lulluɓe wa ƙuna da fatar karfasa suka fara yawo a wayoyi, mutanenmu na bakin ruwa, daga Yauri har Argungu, suke ta tambaya: ashe magani muke zubarwa? Maganar tana da tushe. Fatar kifi cike take da kolajin, sinadarin da ke riƙe da fatarmu da jijiyoyi da ƙashi, kuma likitocin birnin Fortaleza na Brazil sun fara gwada ta a kan masu ƙuna wajajen 2016. A ƙasar Aisland ma kamfanin Kerecis yana sarrafa fatar kifin teku don jinyar gyambo, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2013. Ga mu Musulmi akwai ƙarin sauƙi, domin kolajin da aka saba da shi na saniya ne ko na alade.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne a feɗe kifi a gida a manna fatar a kan ciwo. Don Allah kada a yi. Wadda ake gani a hoton an kankare mata ɓawo da tsoka, an wanke ta da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, an jiƙa ta a gilisarin, an haska ta da hasken gama (wani haske mai ƙarfi da ke kashe sauran ƙwayoyin cuta), sannan aka rufe a leda. Ta kan teburin mai kifi kuwa, mai santsi da ƙuda, ɗauke take da ƙwayoyin cutar gulbi, ga shi wurin da ya ƙone ba shi da sauran kariya. Idan yaro ya faɗa ruwan zafi, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Manja, ɗanyen ƙwai, toka da man goge baki duk a bar su.

Wani zai ce to ya tafasa ta mana, cuta ta mutu. Cuta za ta mutu, kolajin ma ya tafi. Zafi yana warware zarensa ya koma kamar romon kan kifi da ya kwana ya daskare. Na kifi ma ya fi na saniya rashin jure zafi: na kifin tekun sanyi yakan fara warwarewa ƙasa da digiri 20, alhali jikin mutum 37 ne. Shi ya sa masu bincike suke ƙarfafa shi da sinadarai, kuma suke son kifin ruwan ɗumi irin karfasarmu.

Akwai masu zaton fatar karfasa tana zama fatar mutum. Rufi ce kawai. Tana tsare danshi, tana rage zogi da yawan sauya bandeji, idan sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashi sai a ɓare ta. Ƙunar da ta ci fata gaba ɗaya sai an yi dashe daga jikin mai ciwon.

Garin kolajin na gwangwani da ake talla ba zai rufe gyambon mai ciwon suga ba. Ciki narkar da shi yake kamar kowane nama. Gara a sa kuɗin a saita suga da wankin ciwo, a ci kifi da wake da lemo ko gwaiba, domin jiki ba ya ƙera nasa kolajin sai da bitamin C.

Wanda kuma cin kifi yake sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, ya faɗa wa likita kafin a ɗora masa wani abu da aka yi da kifi.