Babi na 6: Sayen injin sassaƙa ƙarfe na farko

Darasi na 1: Girman inji

Injin da masu aikin ƙarfe a nan Garwa ta Kamaru suke kira tur, shi ne mai juya ƙarfe, wuƙa tana sassaƙarsa har a fitar da zobe ko ƙafar 'yar mota. Ɗan'uwa, kai da kake koyo ba ka bukatar ƙato. Nemi ƙarami na kan tebur, wanda mutum biyu za su iya ɗauka.

A takardarsa za ka ga lamba biyu, kamar 180 x 300. Alamar da ke tsakani ba lissafi ba ce. Ta farko faɗin ƙarfen da injin zai iya juyawa ne, ta biyu tsawonsa, duka da milimita. Milimita 10 ita ce santimita 1.

Darasi na 2: Karanta allon inji

Nan ne ake faɗuwa, saboda haka a natsu. A jikin motar injin, wato abin da ke juya shi da wutar lantarki, akwai ɗan allon ƙarfe mai rubutu. Sau da yawa baƙin mai ya rufe shi. Sa tsumma ka goge. Nemi harafin V, alamar ƙarfin wuta, ka karanta lambar da ke kusa da shi.

In ka ga 220, irin wutar gidanka ce. In ka ga 380, wutar manyan ma'aikatu ce mai layi uku, ba zai tashi a gidanka ba. Wani allon yana ɗauke da 220/380 tare. Kada 220 ɗin ta ruɗe ka, shi ma mai layi uku ne. Duba gefe: 1~ layi ɗaya, naka ne. 3~ bar shi.

Sake karantawa, da yatsa a kan lambar. Ba kunya ba ce ka karanta sau uku a gaban mai kaya. Kuɗinka ne.

Wani ɗalibina ya tara kuɗi wata da watanni, ya aika Duwala aka sayo masa tsohon inji, ya taho ta jirgin ƙasa har Gaundare, mota ta ƙaraso da shi. Da muka goge allon sai ga 380. Har yau yana nan a zaure lulluɓe da buhu. Na faɗa a aji, na nanata, amma wasunku in an ce araha sai kunne ya toshe. Haba! Goge allo, nemi V, karanta, sannan a yi maganar kuɗi. Rubuta 220 da 380 a littafinka sau biyar biyar.

Darasi na 3: Gwaji

A kashe inji. Kama bakinsa, wato inda ake maƙale ƙarfen da za a sassaƙa, ka girgiza. In yana motsi, ya zaizaye. Shafa hanyar da mariƙin wuƙa ke bi, kusa da bakin, nan ta fi zaizayewa. Sannan a kunna, ka saurara. Cire makullin da ake ɗaure baki da shi kafin a kunna, kuma ban da babbar riga. Ka dai karanta allon ko?

Darasi na 4: Sauran kaya

Kada inji ya cinye kuɗin duka. Akwai ma'auni mai zamewa na auna kaurin ƙarfe, magagari, zarton ƙarfe, injin washi da tabarau. Fara koyo da alminiyom, ya fi taushi.

Darasi na 5

Bayan aiki share, shafa mai, rufe saboda ƙura.