Idan bashi ya yi maka yawa a Legas, kar ka kashe waya

Bashi hanji ne yana cikin kowa, musamman mu da muke nema a nan Legas, ga kuɗin haya na shekara ga aike gida, tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022 wlh mutane da yawa suka afka ciki. Abin da yake ɓata lamarin shi ne ɓuya, mutum ya kashe waya ko ya bar Mile 12 ya koma Agege wai kar a gan shi, alhali mai bin ka bashi in ya daina samun ka a ransa ka zama ɓarawo kenan.

Fara da zama ka rubuta duk wanda yake bin ka, nawa ne, yaushe kuka yi za ka biya. Wanda yake hawa kullum saboda kuɗin ruwa shi za ka fara kashewa, sai na wanda abincinka yake hannunsa, kamar dilan da yake ba ka kaya.

Daga nan ka je da ƙafarka tun ranar ba ta zo ba. Ka ce Alhaji kasuwa ta juya min baya, dubu ɗari biyu ɗin nan ba zan iya a dunƙule ba, amma ga dubu ashirin yanzu, kuma duk Juma'a zan kawo dubu goma. Kar ka faɗi abin da ba za ka iya ba don kunya, gara kaɗan da ba ya yankewa. In ya hau faɗa ka yi shiru, haƙƙinsa ne. In abin ya ƙi sai ka nemi limaminku ko sarkin Hausawan unguwa su shiga tsakani, a rubuta a sa shaidu kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta ce, kuma duk abin da ka biya ka tura ta banki ka ajiye alat ɗin.

Su kuma manhajojin bashi na waya, dan Allah kar ka ci na wannan ka biya wancan, rami ne. Masu tura saƙo ga mutanen wayarka suna ce maka ɗan damfara, ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara FCCPC, hukumar kare masu sayayya. Amma fa kuɗin da ka karɓa yana wuyanka, sai ka biya. In na banki ne ka sani tun 2020 akwai tsarin CBN da ya ba su dama su bi BVN ɗinka su cire daga wani asusunka.

Wani zai ce zai sa ɗan sanda ya kama ka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla, sai in da yaudara a ciki. Hanyarsa ita ce kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018, ko ku je Citizens' Mediation Centre na gwamnatin jiha a sasanta ku kyauta, ka tafi da takardarku da duk alat ɗin da ka ajiye.