Kurakuran da sabbin shiga ke yi idan aka damƙa musu tsohuwar manhaja

Cikin wata ɗaya yara biyu suka same ni nan Birnin Kebbi da magana iri ɗaya: an ba su gyaran tsohuwar manhajar kasuwanci, sun buɗe sun ga tarkace, suna son zubarwa su rubuta sabuwa. Na gaji da maimaita amsa da baki.

Manhajar da ta shekara ashirin tana aiki, gidan gado ce. Mai tubalin farko ɗaki biyu da zaure ya gina. Aka yi wa wannan aure aka ƙara ɗaki, aka ja katanga, aka toshe ƙofa aka huda wata. Baƙo lungu-lungu kawai yake gani, 'yan gida kuwa sun san dalilin kowane lungu. COBOL, wani yaren rubuta manhaja, tun 1959 aka ƙirƙiro shi, har gobe manyan bankunan Amurka da shi suke lissafin kuɗin jama'a, kuma ba rashin kuɗin canzawa ne ya hana su ba.

Kuskuren da ya kusa raba ni da sana'ar nan shi ne rushewa a sake gini. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa ya kira ni in duba masa manhajarsa, ta Visual Basic 6 (yaren rubuta manhaja) da Access (ma'ajiyar bayanai), wadda wani ya rubuta masa da daɗewa ya bar gari. Na ce ta tsufa. Ya ce, "Ɗana, mi ta yi maka?" Na cika shi da surutu har ya yarda. Wata biyar ina rubutu. A tsohuwar na tarar da wurin da ake rage wasu kilo daga nauyin shanshera idan an sayo ta a Oktoba ko Nuwamba, da wani wurin da ke haɗa sunan manoma biyu ko uku a lissafi guda. Ban gane ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ce shirmen wanda ya gabace ni ne, na watsar.

Ashe na farkon ragin damshi ne, don shinkafar damina da ɗanyanta take zuwa. Na biyun bashin taki ne: uba ya karɓi taki da sunansa, ɗansa ne ke kawo shinkafa, dole a cire bashin a kuɗin gidan. Ni kuma na ɗora sabuwar ana tsakiyar kaka, motoci na ta shigowa daga Argungu da Jega. Kwana tara ana biyan mutane fiye da haƙƙinsu kafin akawu ya farga. Wa zai bi manomi har ƙauye ya ce maido da kuɗi? Alhaji bai zage ni ba, cewa kawai ya yi a dawo masa da tsohuwarsa. Da zagin ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Manya ma sun faɗa ramin nan. Kamfanin Netscape ya yanke shawarar sake rubuta burauzarsa, wato manhajar shiga intanet, daga tushe a 1998, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan burauzar Microsoft, Internet Explorer, ta cinye kasuwa.

Yanzu ɗabi'ata ita ce, kafin in taɓa layi ɗaya sai na yi mako ina zaune da akawu da mai awo, da littafi a hannu. Abin da ban gane ba ina barinsa inda yake. In canji ya zama dole, ɓangare ɗaya nake cirewa, in bar tsoho da sabo suna aiki tare wata guda ana gwada lissafinsu kowace yamma. Da kaka kuwa ko alƙalami ba na gyarawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskure na biyu, kuma wannan lalaci ne tsagwaronsa: binne lamba cikin kod, wato rubutun manhajar kanta. Da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, kwana na yi a wani kantin kayan gini ina farautar 0.05, wato kashi 5 ɗin, fayil-fayil, duk da haka ɗaya ya ɓuya a rasit. Haba jama'a! Haraji da farashi ai a teburin bayanai guda ake ajiye su, da ranar da suka fara aiki. Ɗan'uwansa shi ne ƙuntata gurbi. Integer, gurbin ajiye lamba na Visual Basic 6, ba ya wuce 32,767. Mai rubutun farko bai taɓa zaton farashin buhun shinkafa zai kai haka ba, ranar da ya haura kuwa manhaja ta cije.

Sauran ƙanana ne. Lambar waya da lambar asusun banki mai alƙaluma 10 a ajiye su a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace. Shekara a rubuta ta cikakkiya, rubuta ta da alƙaluma biyu ne ya jawo fargabar kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000. Kwafin ajiya da ke cikin kwamfutar da yake karewa ba ajiya ba ce, ni duk Juma'a nake kwashewa a filasha in tafi da ita gida. A koyi Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji, a daina fayil mai suna "sabo na ƙarshe 3". Duk abin da ka ƙara kuma, rubuta a samansa ranar da wanda ya nema da dalilinsa, ko da Hausa ne.